Yadda Ake Ƙirga Lokacin Cike Katin Sauka na Intanet Kafin Tafiya Ƙasar Waje

Wanda ya yi tafiye-tafiye a shekarun baya zai tuna 'yar takardar nan da ma'aikatan jirgi ke rabawa idan an kusa sauka. Nan take sai a shiga aron biro, wannan ya tambayi na kusa da shi lambar jirgi, wancan ya miƙe yana laluben fasfo a jakar da ya ɗora a sama. Yanzu ƙasashe da dama sun kwashe wannan takarda sun mayar da ita intanet. Malesiya ta wajabta nata katin, MDAC, tun farkon 2024. Tailan ta fara nata, TDAC, ranar 1 ga Mayu 2025. Indiya ta shigo da nata ranar 1 ga Oktoba 2025, Indonesiya ma a shekarar ta haɗe fom ɗin shige da fice da na kwastam da na lafiya wuri guda ta kira shi All Indonesia. Singafo da Filifin kuwa sun riga su duka.

Cikewar ba ta da wahala, minti goma ya isa idan komai na hannunka. Inda mutane ke faɗawa rami shi ne lokacin cikewa. Mun saba da cewa da sanyin safiya ake kama fara, don haka mai tafiya yakan so ya gama komai tun da sauran mako biyu. To, wannan katin ba ya karɓar sammako. Yana da ƙofa da ke buɗewa kwanaki kaɗan kafin ka sauka, kuma da agogon can ake buɗe ta, ba da na gidanku ba.

Kafin mu shiga matakan, a cire ruɗani guda: katin sauka ba biza ba ne. Ba ya ba ka izinin shiga, sanarwa ce kawai cewa ga ka nan tafe, ga jirgin da ka hawo, ga inda za ka kwana. Mai fasfon Najeriya ko na Nijar da zai je Tailan ko Malesiya ko Indiya sai ya nemi bizarsa daban, tun da wuri. Katin shi ne na ƙarshe a jerin shiri.

Mataki na 1: Gano ranar da za ka sauka, ba ranar da za ka tashi ba

Ɗauko tikitinka ka duba layin ƙarshe na tafiyar zuwa. Daga Kano ko Abuja ko Yamai, kusan duk mai zuwa gabashin Asiya sai ya yada zango, ko a Adis Ababa, ko Doha, ko Alkahira, ko Istanbul. Saboda haka tikitin zai nuna jirgi biyu ko uku. Wanda ya shafe ka shi ne na ƙarshe, wanda zai ajiye ka a ƙasar da za ka.

Lokutan da ke kan tikiti kowanne da agogon garinsa aka rubuta shi. Lokacin tashi na Kano ne, lokacin sauka na Bankok ne, babban birnin Tailan, ba sai ka yi wani lissafi ba. Idan ka ga alamar +1 kusa da lokacin sauka, ma'anarta washegari ke nan za ka isa, +2 kuma jibi.

A nan ejan ɗin da ke cike wa mutane fom da yawa a rana yakan yi tuntuɓe. Ya ga tikiti an rubuta 14 ga wata, sai ya sa 14 a gurbin ranar isowa, alhali ranar tashi ce, saukar sai 15. Ni kaina an taɓa yi min haka, ban lura ba sai ina zaune a zango ina duba imel, na sake cikewa da waifai ɗin filin jirgi da ke yankewa duk bayan 'yan mintoci. Tun daga ranar ba na barin kowa ya cike min.

Sai ka yi hattara da jiragen tsakar dare. Jirgin da zai sauka ƙarfe 12:40 na dare, a bakinmu "daren Alhamis" ne, amma a kalanda Juma'a ta riga ta shiga. Juma'a za ka rubuta.

Mataki na 2: San irin ƙirgen da ƙasar ke yi

Za ka ji ana cewa "kwana uku ne" kamar duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Ƙirge iri biyu ne, kuma tsakaninsu akan sami tazarar kusan yini guda.

Na farko ƙirgen ranaku ne, har da ranar saukar a ciki. Haka Singafo ke yi, haka Malesiya, haka Tailan. Idan za ka sauka ranar Alhamis, kwanakinka uku su ne Talata, Laraba da Alhamis ɗin kanta. Litinin ba ta ciki. Da lissafin wata: mai sauka 30 ga wata zai iya cikewa daga 28, ba daga 27 ba. Mutane da yawa suna cire uku daga talatin su sami 27, su buɗe shafin, su tarar kalandar da ke ciki ta ƙi ba su damar zaɓen ranar saukarsu, sai su ɗauka shafin ne ya lalace ko wayarsu ce. Lafiyarsu ƙalau, ƙofar ce ba ta buɗe ba tukuna.

Na biyu ƙirgen awoyi ne, awa 72 kafin isowa. Indiya da Filifin da awoyi suke magana. A nan daga sa'ar saukarka za ka koma baya kwana uku cur.

Wasu ƙasashen suna da nasu tsarin. Kambodiya ta ba da kwana bakwai. Tsibiran Maldibs awa 96. Niyu Zilan ta fi su matsi, sai ana saura awa 24 ka fara tafiyar sannan za ka iya miƙawa. Koriya ta Kudu kwana uku ce, amma katin yana mutuwa bayan awa 72 da miƙa shi, don haka wanda ya cike da zarar ƙofa ta buɗe sannan jirginsa ya yi jinkirin yini, sai ya sake sabo. Ga 'yan kasuwarmu masu zuwa Gwanzu, Chaina ta buɗe cike katin ta intanet tun 20 ga Nuwamba 2025, amma ba ta rufe hanyar cikewa a filin jirgi ba. Wanda ya cike tun a gida dai ya rage wa kansa tsayuwa.

Waɗannan ƙa'idoji gwamnatoci na taɓa su lokaci zuwa lokaci. Ran da ka sayi tikiti, leƙa shafin hukumar shige da fice ta ƙasar ka karanta adadin kwanakin da idonka, kada ka dogara da abin da wanda ya je bara ya faɗa maka.

Mataki na 3: Juya lokacin zuwa agogon gida

Najeriya, Nijar, Kamaru da Chadi agogonsu ɗaya. Indiya ta riga mu da awa huɗu da rabi. Bankok da Jakarta, babban birnin Indonesiya, sun riga mu da awa shida. Malesiya, Singafo, Filifin da Chaina awa bakwai. Mutumin Gana ya ƙara awa ɗaya a kan kowanne, na Sudan ya rage ɗaya.

Abin da wannan ke nufi a aikace: idan sha biyun dare ta buga a Kwala Lamfur, babban birnin Malesiya, sabuwar rana ta shiga can, a Kano ƙarfe 5 ne na yamma, an yi la'asar ana jiran magariba. A Bankok sabuwar rana na shiga daidai ƙarfe 6 na yammacinmu.

Mu ɗauki ɗalibi da zai tafi Malesiya karo na farko. A ce jirginsa zai tashi daga Abuja ranar Litinin, ya kwana a zango, ya sauka Laraba da safe. Kwanakinsa uku su ne Litinin, Talata, Laraba, da agogon Malesiya. Litinin ta Malesiya kuwa tana farawa ƙarfe 5 na yammacin Lahadi a Abuja. Idan ya gwada Lahadi da hantsi, bai isa ba. Idan ya bari bayan magariba ko isha'i a wannan Lahadin, ya shiga ciki.

Ga misalin awoyi. Mai kai mahaifinsa asibiti a Delhi, jirgi zai sauka Alhamis ƙarfe 8 na safe agogon Indiya. A agogon gida ƙarfe 3:30 ne na daren Laraba wayewar Alhamis. Koma baya awa 72, ka sami 3:30 na daren Lahadi wayewar Litinin. Ke nan daga asubahin Litinin yana da dama.

Idan lissafin ya ɗaure maka kai, buɗe agogon wayarka, akwai wurin da ake ƙara garuruwan duniya. Ƙara garin da za ka, ka bar shi nan har ka dawo. Zai yi maka amfani ko don kiran gida.

Mataki na 4: Zaɓi lokacinka a cikin ƙofar

Sanin lokacin buɗewa daban, zaɓen lokacin da ya dace daban. Shawarata ita ce daren jajibirin tashi, kana zaune a gida ko a masauki, waya da caji, sabis mai kyau, fasfo a gabanka. Ga mafi yawan tafiye-tafiye daga nan zuwa Asiya wannan daren yana faɗawa cikin ƙofar ko da wane ƙirge aka yi, kuma a lokacin kamfanin jirgi ya riga ya sanar da kai idan an canza jadawali.

Ban ga amfanin zaman jiran minti na farko da ƙofa za ta buɗe ba. Ba kujerar Hajji ba ce da za ta ƙare, kuma wanda ya riga cikewa ba a riga buga masa hatimi. Sauri ya haifi nawa: ka cike tun da saura awa 71, washegari a ɗaga jirgin, ka dawo gyara.

Jinkirin kuma ya fi gaggawar haɗari. Ranar tafiya ba ranar cike fom ba ce. Ga masu rakiya, ga saƙon yaji da kilishi da za a kai wa wane, ga awon kaya, ga canjin kuɗi. A zango kuma layin wayarka na gida ba lallai ya yi aiki ba, waifai ɗin filin jirgi yakan nemi ya turo maka lamba ta saƙon waya, saƙon kuma ba zai shigo ba. Ban da haka, ma'aikacin da ke awon kaya yana iya neman ganin katin kafin ya ba ka takardar shiga jirgi, musamman ga masu zuwa Filifin. Gaskiya ne a manyan filayen jirgin Tailan akwai na'urorin da wanda bai cike ba zai tsaya ya cike, amma bayan kwana a kujera, da kumburarrun ƙafafu, ga layin shige da fice na ƙara tsawo a gabanka, ba za ka so hakan ba.

Jajibirin da nake nufi na tashin jirgi ne, ba na barin gida ba. Mutumin Damagaram ko Maraɗi da zai biyo mota zuwa filin jirgin Malam Aminu Kano, ko na Sakkwato da zai kwana biyu a Legas kafin ya tashi, idan ya cike a daren da zai bar gida yana iya yin wuri da yawa. Ya bari sai ya isa garin da zai hau jirgi. Haka wanda zangonsa ya yi tsawo, yini guda ko fiye: ya yi lissafin mataki na uku da kyau, domin jajibirinsa na iya kasancewa a bakin ƙofar ne daidai. Idan har ƙofar ba za ta buɗe ba sai ranar tashi, to ya cike da asuba kafin hayaniya ta fara.

Sa ƙararrawa a waya da sunan abin, da rana da sa'a.

Mataki na 5: Tara kayan cikewa tun kafin ƙofa ta buɗe

Wannan ne wurin da sammako ke da amfani. Tun da sauran mako, rubuta waɗannan a wuri guda: lambar fasfo da ranar ƙarewarsa, lambar biza, lambar jirgin ƙarshe, ranar fitowa daga ƙasar, cikakken adireshin masauki, lambar waya, da imel ɗin da kake iya buɗewa a wayar da za ka tafi da ita. Wannan na ƙarshen ba wasa ba ne. Mutane da yawa imel ɗinsu wani yaro ne ya buɗe musu a shago, kalmar sirrin ma ba su sani ba, ga shi ta nan shaidar cikewa za ta zo.

Adireshi ma yana cin lokaci. "Wajen Alhaji a kasuwa" ba adireshi ba ne. Fom ɗin Tailan yana neman lardi da gunduma, na Malesiya yana neman jiha da gari da lambar gidan waya. Idan otal ne, duk suna cikin takardar kama ɗaki. Idan wajen ɗan'uwa za ka sauka, ya turo maka a rubuce, harafi da harafi. Mai jinya ya karɓi adireshin masaukin da aka tanadar musu daga wanda ya shirya musu zuwa asibitin.

Akwai wani agogon da ke fara bugawa tun kafin wannan duka, shi ne na allurar shawara. Ƙasashenmu na cikin waɗanda ake lissafawa da cutar, kuma fom ɗin zai tambaye ka ƙasashen da ka zauna kwanan nan; na Tailan yana komawa baya mako biyu. Takardar shaidar allurar ba ta fara aiki sai bayan kwana 10 da yin ta. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, don haka mai tsohon kati ingantacce ba sai ya sake ba. Amma wanda bai taɓa yi ba, ya je aka yi masa ana saura kwana huɗu ya tashi, takardarsa ba ta nuna ba tukuna. Indiya da Singafo suna iya killace irin wannan matafiyi har kwana shida. Kada kuma ka ce za ka ɓoye Najeriya ka rubuta Habasha ko Katar saboda ta nan ka biyo. Fasfonka da tikitinka suna gaban jami'in.

Mataki na 6: Tabbatar shafin na gwamnati ne, sannan ka cike

Katin Tailan, na Malesiya, na Singafo, na Filifin, na Indiya da na Indonesiya duk kyauta ne. Idan ka kai ƙarshe aka ce ka sa lambar katin banki, rufe shafin, ba na gwamnati ba ne. Irin waɗannan shafuka sukan fito a saman sakamakon Google saboda sun biya kuɗin talla, da tuta da tambari kamar gaske. Wani abin da ke jan mutane gare su shi ne suna karɓar fom tun da sauran wata guda, abin da shafin gaskiya ba zai yi ba. Ka ba su kuɗi, ka ba su hoton fasfonka, sannan ka zauna kana fatan za su tuna su miƙa a kan lokaci.

Duba ƙarshen adireshin shafin. Na gwamnatin Tailan yana ƙarewa da go.th, cikakkensa tdac.immigration.go.th. Na Malesiya gov.my, na Singafo gov.sg, na Indiya gov.in, na Indonesiya go.id, na Filifin kuma etravel.gov.ph.

Wajen cikewa, rubuta sunanka yadda yake a fasfo, ba yadda kake rubuta shi kullum ba. Idan fasfo ya ce Mohammed, kada ka sa Muhammad. Idan sunan garinku ne aka sa a matsayin sunan iyali, haka za ka bi. Layuka biyun nan na ƙasan shafin hotonka, masu cike da alamomi kamar kan kibiya, su na'ura ke karantawa, su za ka kwaikwaya. Lambar fasfon Najeriya harafi ɗaya ce da lambobi takwas, saboda haka duk wani abu mai kama da O a tsakiya sifili ne. Ka kuma duba tsarin kwanan wata, wasu fom ɗin da shekara suke farawa.

Kowane rai da katinsa, har jariri na goye. Fom ɗin Tailan da na Singafo suna ba da damar mutum ɗaya ya cike wa ayari a zama guda, wanda ke sauƙaƙa wa mai tafiya da iyali ko da dattijon da ba ya taɓa waya.

Mataki na 7: Adana shaida ta hanyar da ba ta buƙatar intanet

Da ka miƙa, wasu za su ba ka lambar QR, wasu saƙon imel kawai. Ɗauki hoton allon, sauke takardar cikin waya, tura wa abokin tafiyarka ta WhatsApp. Idan da hali, buga ta a takarda ka sa cikin fasfo tare da katin shawara. Waya na mutuwa, takarda ba ta neman caji.

Idan minti talatin ya wuce ba ka ga imel ba, duba akwatin tarkacen saƙonni kafin ka sake cikewa.

Idan jirgi ya canza bayan ka cike

Jinkirin awa biyu ko uku da bai fitar da kai daga ranar ba, ba ya buƙatar komai. Abin dubawa shi ne idan ranar sauka ta canza ko an mayar da kai wani jirgin mai wata lamba. Jirgin da aka tsara zai sauka 11:30 na dare ya makara da awa ɗaya ya riga ya tsallaka wata ranar. A shafin Tailan da na Singafo akwai wurin gyara bayanan tafiya, ka shiga da lambar da suka ba ka ka canza. Amma a na Tailan, kuskure a suna ko lambar fasfo ko ranar haihuwa ba ya gyaruwa, sai dai ka cike sabo. Inda ba ka ga wurin gyara ba, cike sabo da bayanan da suke daidai, shi za ka nuna.

Kowane kati na shiga sau ɗaya ne kawai. Ɗan kasuwar da ya sauka Bankok, ya tsallaka Malesiya kwana uku, ya dawo Bankok don ya hau jirgin gida, idan zai fita daga filin jirgi ya kwana a gari to kati uku ke gabansa: na Tailan, na Malesiya, da wani sabon na Tailan, kowanne da ƙofarsa. Wanda kuwa zai canza jirgi ne kawai bai bi ta gaban jami'an shige da fice ba, Tailan da Singafo ba sa neman kati a wurinsa. Sai dai a duba tikitin: idan tikiti biyu ne daban-daban, har sai ka fita ka karɓi kayanka ka sake awo, to ka shiga ƙasar ke nan, kuma kati da biza duk sun hau kanka.

Najeriya ma ta mayar da katin shiga da na fita intanet tun 1 ga Mayu 2025, tare da sabon tsarin biza. Idan kana da baƙo mai fasfon wata ƙasa da zai zo maka, ko abokin ciniki ko suruki, tura masa cikakken adireshin gidanka da lambar wayarka tun kafin ranar tashinsa, domin shi ma za a tambaye shi inda zai sauka.